A Tuna da Masu Jinyar Iyayen da Gigin Tsufa Ya Kama

Ya Edita,

Ina roƙon fili domin in ja hankalin jama'ar Jos kan masu jinyar iyayen da gigin tsufa ya kama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar tana damun mutum fiye da miliyan 55 a faɗin duniya, kuma mata ne ke ɗauke da mafi yawan jinyar.

Baƙin cikin mai wannan jinya yana farawa tun kafin rasuwa, domin 'yar da ke yi wa mahaifiyarta wanka tana ba ta abinci a baki, wata rana uwar za ta tambaye ta ko wace ce ita, ko ta zarge ta da sata. Ba mai zuwa yi mata jaje a kan haka, wasu ma sammu suke cewa. Bayan rasuwa kuma, da an yi addu'ar bakwai sai kowa ya watse, a bar ta tana zargin kanta saboda ta ji nauyi ya sauka, alhali wannan ba laifi ba ne.

Ya kamata dangi su riƙa karɓar jinya ko da kwana ɗaya a mako, limamai da fastoci su ci gaba da ziyara bayan makoki, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos kuma ya ware wa masu jinya ranar ganawa da likitocin ƙwaƙwalwa.

Naku,
Mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos