Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Kaduna Kan Mazan Jiyan Yaƙin Bama

Mai Girma Gwamna, Sanata Uba Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina kawo kuka ne a madadin mutanen da ba su da bakin magana yau.

Ranka ya daɗe, barikin Dalet da na Kalapanzin a nan Kaduna, da na Chindit a Zariya, duk sunayensu daga yaƙin Bama suka zo, wato yaƙin da aka yi a ƙasar Burma, wadda yanzu ake kira Myanmar. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawa sun kwashi samarinmu, manoma da 'yan kasuwa, suka zuba su cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka loda su a jirgin ruwa zuwa Indiya. Sun gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan da dazukan Arakan a 1944 da 1945, cikin ruwan sama da sauro, kayan yaƙi a ka, ana ba su umarni da Hausa. Da yawa ba su dawo ba.

Can kusa da birnin Yangon na Myanmar akwai maƙabartar Taukkyan, mai ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 waɗanda ba a san inda aka binne su ba, har da namu. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ce ke share wurin. Jikokinsu kuwa suna Kawo da Tudun Wada da Sabon Gari, kuma wane talaka ne zai yi kuɗin jirgi zuwa Myanmar don ya ga sunan kakansa?

Na san wasu za su ce ai yaƙin Bature ne. Gaskiya ne, amma jinin namu ne, iyayen da suka yi ta jiran labari har suka koma ga Allah su ma namu ne.

Kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, ana ajiye furanni, a busa begila, kowa ya watse. Roƙona shi ne jiha ta nemi rajistar sunayen daga waccan hukumar, masana na Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, su tace na 'yan Arewa, a rubuta su a bango a wurin da jama'a ke shiga ba tare da izinin soja ba, da bayani cikin Hausa. A kuma tura ɗalibai su naɗi abin da iyalai ke riƙe da shi, domin lambobin yabo da takardun sallama na can cikin tsofaffin adakoki, gara na cinye su.

Allah Ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani mazaunin Kawo, Kaduna