A Waiwayi Matasanmu Masu Binciken Ƙwayoyin Cuta

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida don in yi magana a kan wasu matasa da ba a cika jin ɗuriyarsu ba, wato yaranmu da suka fara binciken ƙwayoyin cuta da garkuwar jiki da allurar rigakafi.

Ni tsohon ma'aikacin lafiya ne, na yi aikin rigakafi a ƙauyukan Igabi da Giwa a jihar Kaduna. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, mu ma a nan mun ji a jikinmu. Magidanci zai tare ka a ƙofar zaure ya tambaye ka wa ya haɗa maganin, wa kuma ya gwada shi. Ban taɓa ganin laifinsu ba, domin ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ba ni da sunan wani ɗan gida da zan ambata musu hankalinsu ya kwanta.

Yau, alhamdu lillahi, akwai 'yan gida. 'Yar ƙanena tana digiri na biyu, tana auna jinin waɗanda aka yi wa rigakafin ciwon hanta nau'in B don ta ga ko kariyar da jiki ya samar tana nan bayan shekaru. Ita ta fahimtar da ni cewa irin wannan samfuri a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri ake ajiye shi. Idan aka ɗauke wuta ya narke, aikin watanni na iya tafiya a banza. Ita da abokan karatunta karo-karo suke yi su sayi man janareto, sinadaran gwaji kuma da dala ake sayo su, a yi ta jira kafin su iso. Waɗanda suka fi ƙwazo a cikinsu sun fara neman hanyar Ingila da Amurka, kuma wallahi ban da bakin hana su.

Edita, a garin Lassa na jihar Borno aka fara gano zazzaɓin Lassa a 1969, kuma har yau babu rigakafinsa da aka amince da shi. Ɗakin haɗa rigakafi na Yaba a Legas, wanda ya yi na agana da na shawara, an rufe shi tun 1991. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin sanƙarau na Men5CV, abin alfahari ne, amma a Indiya ake yin sa. Ga kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana ta haɗa rigakafin dabbobi, ashe ba basira muka rasa ba. Marigayi Farfesa Andrew Nok, ɗan jihar nan, a Zariya ya yi binciken cutar sammore har duniya ta san shi.

Kirana ga gwamnatin jiha da TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, da attajiranmu ba babba ba ne. A sa wa ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'inmu wutar sola wadda ba za ta yanke ba, a ware wa masu digiri na biyu da na uku kuɗin sayen kayan aiki, in sun gama a ɗauke su aiki tun kafin wasu su ɗauke mana su. Su kuma matasan, ina roƙonsu su riƙa zuwa Rediyon Tarayya na Kaduna suna yi wa iyaye bayanin aikinsu da Hausa, musamman a kan mashaƙo da ƙyanda.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Tsohon ma'aikacin lafiya,
Tudun Wada, Kaduna.