Ina ci ina kuka, kuma na rasa wanda zan gaya wa

Assalamu alaikum Anti, tare da fatan kina lafiya, ke da duk masu taya ki aikin wannan shiri. Na daɗe ina son rubuto miki, amma abin da ya faru ranar Asabar da ta wuce ne ya sa na kasa ci gaba da haƙuri.

Mun je sunan 'yar ƙanin maigidana. Ana cikin rabon abinci sai yayarsa, wadda tun ranar da aka kai ni gidan ba ta taɓa dubana da idon rahama ba, ta ɗaga murya a tsakar gida cike da mata ta ce a ɓoye wainar, ga mai cinye rabon mutum uku ta iso. Aka kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe, kuma ban taɓa ko loma ɗaya a gidan ba. Da na dawo, bayan yara sun yi barci, na shiga kicin ban kunna fitila ba, na cinye sauran tuwon shinkafa da miyar taushe mai sanyi a tsaye daga cikin tukunya, na bi da cincin ɗin sunan da lemon kwalba biyu. Ina ci ina kuka, kuma wallahi ban ji ɗanɗanon komai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan matar ce mafarin komai. Lokacin da aka yi aurena, shekara 11 ke nan, nauyina kilo 52 ne, ita ce kuma ta riƙa cewa kamar a hure ni in faɗi, wai mutane za su ce ƙaninta ba ya ciyar da ni. Da hannunta ta kawo mini ƙwayoyin sha-ka-fashe daga kemis, na yi kusan wata takwas ina sha, fuskata ta kumbura, yunwa ta riƙa tashina cikin dare. Sai daga baya na san akwai dexamethasone a ciki, maganin da ke ɗaga suga da hawan jini idan aka daɗe ana shansa ba da umarnin likita ba. Ban ce ba ni da laifi ba, amma yarinya ce ni a lokacin. Ga shi kuma mu goma sha huɗu muka tashi a gidanmu, a tire ɗaya ake zuba mana, wanda ya tsaya sanya ya kwana da yunwa, shi ya sa har yau hannuna ya fi bakina sauri. Mahaifiyarmu kuma ta tarbiyyantar da mu cewa zubar da abinci almubazzaranci ne, don haka duk abin da yarana suka rage ni ce nake sharewa.

Na manta ban faɗa miki ba, a watan jiya na je asibiti saboda ciwon kai. Aka auna jinina ya kai 150 bisa 95, sugana kuma 118 kafin karin kumallo, likita ya ce daga 126 ake kiransa ciwon suga, wato ina bakin ƙofa. Wata nas mai kirki ta zaunar da ni ta ce kada in hana kaina abinci. Ta ce in zuba a faranti in zauna, in ajiye waya, in tauna a hankali, domin ciki yakan ɗauki kusan minti 20 kafin ya sanar da mutum ya ƙoshi, kuma kafin in buɗe tukunya in tambayi kaina ko yunwa ce ko ɓacin rai. Ta ƙara da cewa ranar da na kasa, in yi wa kaina magana yadda zan yi wa ƙanwata.

Na gwada na kwana uku. A rana ta farko har na ji ƙamshin daddawa a miyar kuka, abin da na yi shekaru ban lura da shi ba, na kuma rage kusan rabin malmala ba tare da na ji an ƙware ni ba. Maganar tausaya wa kai ce ta gagare ni, domin da zarar na zame sai in ji muryar yayar nan a cikin kaina tana kirana mai haɗama, ni kuma ina gaskata ta. Tun ranar sunan na koma azumin Litinin da Alhamis, amma tsakani da Allah horon kaina nake yi, kuma da an sha ruwa nakan ci ninkin abin da na saba. Malamarmu ta Islamiyya ta karantar da mu hadisin raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, na haddace shi, sai dai ƙarfe ɗayan dare ba ya zuwar mini a rai.

Maigidana mutumin kirki ne, amma bai san komai ba, har yanzu yana shigo mini da balangu da daddare, kuma ko sau ɗaya bai taɓa tsawatar wa yayarsa ba, ko da yake ban taɓa kai masa ƙararta ba. Anti, shin azumin da aka yi da irin wannan niyya yana da lada? Yaya mutum yake tausaya wa kansa ba tare da ya sakar wa kansa linzami ba? Sannan bikin 'yar wannan matar saura mako biyu, na riga na biya kuɗin anko, telan ma ya ce sai na ƙaro yadi ɗaya. In je ko in ce ba ni da lafiya?

Wassalam,
Wata 'yar uwarki daga Kano.