Wasiƙa daga Hambug ta Jamus: kada a sayar da tumakin Inna

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, kai da iyali da Inna. Labari ya iso mini cewa Inna ta sa a kai tumakinta kasuwa, wai za a biya wani mai magani ya karya jifan da aka yi mini. Don girman Allah ka kashe maganar nan, kada ta kwana. Wanda ya ga wuyana a waya ya je ya tayar mata da hankali, Allah ya shirye shi.

Ba jifa ba ne, ba ciwon daji ba ne, ba kuma maƙoƙo ba ne kamar yadda Gwaggo ke yaɗawa. Kumburi ne mai laushi a gefen wuya, ko ciwo ba ya yi. A asibiti sun duba da na'urar da ake duba masu juna biyu, sannan suka ɗauki hoton cikin jiki da ake kira MRI, sai ga jaka cike da ruwa. Likitar ta ce ban da jijiyoyin jini akwai wasu siraran hanyoyi da ke kwashe ruwan jiki, masu bi ta inda kaluluwa ke fitowa. Nawa na wurin ne ba su haɗu daidai ba tun ina ciki, ruwa ya riƙa taruwa. Yawanci ana ganin abin kafin yaro ya cika shekara 2, kuma a wuya ko hammata ya fi fitowa. Nawa ya yi lamo, sai da na yi ciwon maƙogwaro da hunturu sannan ya taso. Ba a ɗauka, ba a kuma gadonsa, ka faɗa wa maiɗakina ta kwantar da hankali kan yara.

Zuƙe ruwan kaɗai ba ya magani, dawowa yake yi. Sai su zuƙe da allura su zuba wani magani mai suna doxycycline a gurbin, bangon jakar ya ƙone ya manne. Da yake tawa babbar jaka ce, ba ƙananan nan masu kama da saƙar zuma ba, sun ce ta fi jin allura. Tiyata sai in ta ƙi, don wurin da jijiyoyi. Bayan allurar wuyan kan ƙara hawa, da ɗan zazzaɓi, a lokacin kuka gan ni. Yanzu yana sacewa. Wataƙila su sake yi. Inshora ke biya, ko sisi ba na nema.

Aiki ina zuwa, sito ne, kaya ba nauyi can. Sanyi dai sai haƙuri. Abin da ke cin raina, ni da na fito don Inna ta huta, ni ne kuma sanadin da ba ta barci.

Na turo yuro 200. Kuɗin makarantar yara da maganin hawan jinin Inna, saura a sayi gero. Kada a ba auta ko kwabo a hannu, na ji yadda ya yi da na baya. Kuma ban yarda ko ɗari ta je wurin mai magani ba, Yaya, ka ji na sake faɗa.

Jaririn maƙwabtanmu da aka ce an haifa da ƙullutu a wuya, su kai shi asibiti a duba. Kada wanzami ya tsaga, ƙwayar cuta ce za ta shiga.

Ka kira ni ranar Juma'a bayan masallaci, Inna na kusa, ka kuma nuna mini tumakin a turke.

Ƙaninka.