Ciwon ƙin cin abinci ba na Turawa kaɗai ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in tuna wa masu karatu Farfesa Gerald Russell, likitan ƙwaƙwalwa na asibitin Maudsley da ke Landan, wanda ya rasu a 2018. Shi ne a 1979 ya fara bayyana ciwon bulimiya dalla-dalla: mutum ya cika cikinsa fal, sannan ya ɓoye ya jawo amai don tsoron ƙiba. Shi da abokan aikinsa kuma suka nuna cewa yarinyar da ke ƙin abinci ta fi samun sauƙi idan an sa iyayenta cikin jinya.

A nan zangon Kumasi, budurwa ta rame sai a ce aljanu ne ko sammu, wani lokaci ma a yaba mata wai yawan azumi take yi. Ruƙiyya ba laifi ba ce, amma ciwon nan na ƙin cin abinci yana yi wa bugun zuciya illa, yana kisa.

Gana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012, kuma asibitin Komfo Anokye yana da sashen masu wannan aiki. Don Allah jaridarku ta tattauna da likitocinsa, da Hausa, saboda iyayenmu mata su ji.

Naku,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi