Masu rububin tsohuwar akori-kura mai dizal, ku fara auna kayanku tukuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan bani fili a jaridar nan tamu mai farin jini inyi magana da ƴan uwana mazauna Saudiyya, musamman samarinmu na Jidda da Makka da yanzu duk wanda ka taɓa sai yace maka burinsa ya mallaki babbar akori-kurar nan ta Amurka mai shan dizal, su Ford F-250 da F-350, Ram 2500, GMC Sierra ko Silverado masu HD a jiki, wai zai riƙa jan tirela yana samun na cefane. Ni sana'ata kenan jan kaya, yau janareta gobe tankin ruwa, lokacin layya kuma tirelar tumaki daga Jidda zuwa inda aka ce in kai, kuma wallahi ina son motocin nan har cikin raina, shi yasa abin yake min ciwo in naga mutum ya kwashe kuɗin adashensa harda na maiɗakinsa ya kai ma'arad, wato wurin sayar da motoci, ya dawo da abinda zai riƙa kwana a sina'iya, unguwar makanikai.

Kayan da zaka ja su ya kamata su zaɓar maka mota. Yawancin masu zuwa neman shawara wajena in na tambaye su tan nawa ne tirelar in an loda ta sai suyi shiru, sun san kalar da suke so, sun san girman tayar da zasu saka, amma babu wanda ya taɓa kai kayan kan sikeli. Toh in kayanka basu wuce tan biyu ba me ya kaika? Hilux mai dizal ko shas, wato akori-kurar Land Cruiser, zata maka aikin nan lafiya lau, kuma kayan gyaranta ko a ƙaramin tashlih, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, zaka samu. In kuma kayan ɗorawa ne a baya ba na ja ba, ai ƙaramar motar kaya irin Dyna ta fi maka rufin asiri. Manyan nan an yi su ne don mai jan tan huɗu, biyar, shida zuwa sama a doguwar hanya, irin Jidda zuwa Riyad da ta kusa kilomita dubu, shi ne zai mori ƙarfin injin ɗin har ya fanshe kuɗin da take ci.

Kuma ko a cikinsu ba duka suke ɗaya ba. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ƙarfen da ƙofar ke rufuwa a kai, akwai takarda manne a wurin, an rubuta iyakar nauyin da motar zata ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya. Lambar nan tafi ƙarfin doki da dillali zai ta faɗa maka muhimmanci. Tirela ba ja kawai ake yi ba, tana danna bayan mota, ita ta ƙugiyar baya wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ne ke sauka akan motar, kaga tirela mai tan biyar ta ɗora maka kilo 500 zuwa 750 tun kafin kai ka shiga, kafin yaran aikinka uku su shiga, kafin ƙarin tankin mai da akwatin kayan aiki. Irin tirelar da ake maƙalawa a tsakiyar bodi kuwa abinda take dannawa ya fi haka, yakan kai kashi 20 ko sama. Injin dizal shi kansa ya fi na fetur nauyi sosai saboda haka yana cinye wani abu daga abinda motar zata ɗauka, shi yasa zakaga 2500 mai dizal ƙarfi kamar me amma bayanta ya zauna ƙasa hancinta ya ɗaga sama, fitila na haska idon masu tahowa, sitiyari yayi sakayau a hannu. In lissafinka ya nuna 3500, wadda ta fi 2500 ɗaukar nauyi, ce daidai da kai toh kada araha ta sa ka ɗauki 2500.

Sai maganar da mutanenmu basa so a taɓo, wato takardu. Mu da muke zaune da iƙama ba kowace mota ake yarda a rubuta da sunanmu ba, motar ɗaukar kaya tana da sharuɗɗanta kuma sana'ar da ke rubuce a iƙamarka tana shiga ciki, kaje Murur, ofishin ƴan sandan hanya, da ƙafarka ka tambaya kafin ka bada ko arabun, wato kafin alƙalami. Abinda ake yi shi ne a saya da kuɗinka a rubuta istimara, wato takardar rajistar motar, da sunan kafili ko wani ɗan ƙasa da aka yarda dashi, shikenan anyi musabaha an watse. Na ga wani dattijo maƙwabcinmu da ya shekara da shekaru yana tara kuɗin motarsa, wanda aka rubuta da sunansa Allah Ya masa rasuwa, magada suka zo suka lissafa ta cikin gado, su ma basu yi ƙarya ba tunda abinda takarda ta nuna musu kenan, bawan Allahn nan yana tsaye a bakin layi da makulli a hannu aka ɗora ta kan sadaha, motar ɗaukar motoci, aka tafi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ga kuma lasin, na khususi, wato na motar gida, da yawancinmu ke riƙe dashi iyakarsa tan uku da rabi, su kuwa waɗannan jimillar nauyin da aka rubuta musu ya haura tan huɗu, ranar da tsautsayi ya faɗa aka kira Najm, kamfanin da ke zuwa duba hatsari, in lasin ɗinka bai dace da motar ba kamfanin inshora na iya juyowa kanka da duk abinda ya biya.

Da yawa cikin masu dizal ɗin daga Amurka aka shigo dasu, kuma nan ne ake yiwa mutane sakiyar da ba ruwa. Dokar ƙasar nan ta hana shigo da motar da aka yanke mata hukuncin ta tashi aiki saboda hatsari ko wadda ambaliya ta shanye, amma wannan baya nufin ka rufe ido. Ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, ka ciro rahoton tarihin motar, na Carfax na can da na Mojaz na nan, kuɗin duka biyun bai kai na taya ɗaya ba. Ka kwanta ƙarƙashinta da tocila, jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara gishiri suke zubawa a titi kuma yana cin shasi, wani sai ya fesa baƙin fenti ya rufe tsatsar, ka ɗan ƙwanƙwasa da sukundireba zakaji inda ya rube. Mu na Jidda ma bamu manta ruwan 2009 da na 2011 da na Nuwamban 2022 ba, ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujera ko akwai busasshen taɓo. Masu ganin hoto a shafin saye da sayarwa na Haraj su tura kuɗi kuwa, ba a cinikin biri a sama.

Injin kowanne da halinsa. Na Ford mai lita 6.0 da aka yi daga 2003 zuwa 2007 ya yi suna wajen ƙona gasket da matsalar sanyaya mai, na 6.4 da ya biyo baya zuwa 2010 shima gyaransa ba na talaka bane, daga 2011 ne suka koma 6.7. Ram tana da Cummins mai silinda shida a jere, 5.9 a da, 6.7 tun 2007, injin ne mai jimiri, sai dai ka sa ido sosai akan giyar. GMC da Chevrolet kuma Duramax 6.6 da giyar Allison. Akwai wani famfon mai da ake kira CP4, yana cikin Ford 6.7, yana cikin Duramax na 2011 zuwa 2016, ya shiga Ram na 2019 da 2020 har kamfanin ya kira motocin a 2021 aka canja shi. Famfon nan baya son gurɓataccen mai ko mai ruwa-ruwa, in ya lalace garin ƙarfe yake watsawa cikin layin mai gaba ɗaya, nozul da bututu da tanki duk sai an taɓa, kuɗin gyaran zai iya sayen ƙaramar mota. Tambayi mai ita yaushe ya canja filtar mai kuma ya nuna maka rasit, in yace shi baya ajiye takarda toh ka rage kuɗin da kake niyyar bayarwa.

Wani abin da ba kowa ke lura dashi ba. Tun 2007 motocin dizal na Amurka suke zuwa da matatar hayaƙi a cikin salansa, daga baya aka ƙara musu tankin ruwan AdBlue mai rage gubar hayaƙi, kuma an ƙera su ne don dizal mai ƙarancin sulfa da ake sayarwa a can. Mu nan sai a farkon 2024 aka kawo dizal mai tsafta na Euro 5 gidajen mai. Kaga duk wadda ta shigo kafin nan ta shekara tana shan man da ba nata ba, matatar ta toshe, sai akai ta sina'iya a yanke a jefar, a taɓa kwamfutar motar don fitilar gargaɗi ta mutu, wasu ma a ƙara mata ƙarfi a lokacin. Dillali zai ce maka ai an buɗe mata numfashi. Ni dai abinda na sani ƙarin ƙarfin nan giya ce ke biyan kuɗinsa, kuma ranar fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, hayaƙin da take fitarwa kai zai tsayar ba shi ba.

Kada ka yarda kaje ganin mota ka tarar an riga an tada ta. Ce masa da sassafe zaka zo, ka ɗora tafin hannunka akan injin kaji shi da sanyi sannan a murza makulli kana tsaye a baya kana kallon salansa. Farin hayaƙi da ya ƙi ɗaukewa ko shuɗi, akwai magana. In ta ɗan yi zafi ka kwance murfin da ake zuba baƙin mai ka kifa shi a bakin ramin, in ya zauna yana ɗan rawa ba komai, in iska ta tunkuɗo shi ya faɗi toh injin ya gaji ko da malejin na nuna kaɗan. Shi malejin ma kada ya ruɗe ka, shiga allon gaban direba ka nemo awannin da injin yayi yana aiki da waɗanda yayi a tsaye, motar kamfani a zafin nan namu wuni take a kunne saboda AC bata motsa ba, kilomita kaɗan amma injin ya tsufa. Leƙa bodin baya ko akwai rami ko tabon walda a tsakiya, ka duba bakin ƙugiyar ko ya zaizaye ya faɗaɗa, ita motar zata gaya maka irin wahalar da ta sha. Taya kuma ka karanta lambobi huɗun nan na gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, tsohuwar taya mai kyan fuska akan kwaltar hanyar Madina a watan Yuli da kaya a baya, Allah Ya tsare.

Kuɗin riƙo ma a lissafa. Da ana cewa dizal kusan kyauta ne a ƙasar nan, a 2023 lita halala 75 ce, Janairun 2024 ta koma riyal 1.15, Janairun 2025 ta kai 1.66, wato lita ɗari da kake sha a riyal 75 ta koma 166 a 2025 kuma mai kaya bai ninka maka kuɗin aiki ba. Juyen baƙin mai ɗaya wajen lita 10 zuwa 14, batir biyu ne ba ɗaya ba, wani kayan gyaran kuma sai an yi odarsa ka jira mota na ajiye kana biyan haya.

Abinda yafi tsorata ni shi ne kowa tambayarsa zata iya ja? babu mai tambayar zata iya tsayawa. Duk wanda ya taɓa gangarowa daga Ɗa'if da kaya ta hanyar Sail ya san me nake nufi, balle masu zuwa kudu wajen Abha da Baha inda gangaren yafi tsanani. Tan biyar na tura ka daga baya, tumaki na tangaɗi suna komawa gefe guda a kowace kwana, in ƙafarka ta zauna akan birki tun daga sama kafin ka kai rabi zakaji ƙauri, feda ta fara nutsewa. Nan ne birkin injin da ke cikin sababbin masu dizal ɗin yake da rana, ka danna maɓallin ka sauke giya motar ta riƙe kanta. Ka tabbatar na wadda zaka saya yana aiki, ka tabbatar na'urar da ke kama birkin tirela tana aiki, ita tirelar ma tana da birkin, don da yawa cikin waɗanda ake haɗawa a sina'iya ƙarfe ne da taya kawai sai sarƙa, kuma a hanyar nan akwai motocin iyalai da masu zuwa Umra a gabanka.

Saboda haka in kun daidaita a kuɗi, kafin a shiga manhajar gwamnati ta Absher a juya suna, ka kaita wajen makanikin da ya san dizal na Amurka wanda kai ka zaɓa ba wanda dillali ya nuna maka ba, ya jona kwamfuta ya duba. Sannan ka roƙi mai ita ku ɗaura tirelarka da kayanta ku hau titi tare, ka hau gada ka sauka, ka sa ido akan zafin injin da na giya, kaji yadda take canja giya da nauyi a bayanta, ka bi ta kan ɗan gargada kaga ko sitiyari zai kama karkarwa. Mai mota mai lafiya baya ƙin wannan, in kuɗin mai ne kai zaka zuba. In ya fara kawo uzuri ka masa godiya ka bar masa abarsa.

Na gode Edita, Allah Ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga Jidda, Saudiyya