Zuwa ga ɗana a Gilasgo, kan maganar auren ƙanwarka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan karatu na tafiya daidai, mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Na ga saƙonka, inda ka ce ba ka yarda a ba yaron nan auren ƙanwarka ba saboda kakansa ya cinye gonar marayu. Har ka kafa hujja da wata tsohuwar kalmar mutanen Sikotland, strynd, wadda ta haɗa asalin mutum da halin da ya gada. Ban ƙi ba, mu ma mun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shi ya sa ake binciken asali kafin a ba da aure. To amma tunda a ƙasarsu kake zaune, ina so ka dubi abin da irin wannan tunani ya jawo musu.

A arewa da inda kake akwai wani kwari da ake kira Glencoe. Sarki William ya ba shugabannin zuri'o'in tsaunuka wa'adi su yi masa mubaya'a kafin 1 ga Janairu, 1692. Shugaban gidan MacDonald na wannan kwari ya makara da 'yan kwanaki, sai aka mai da shi abin misali. Aka tura sojoji ƙarƙashin Kyaftin Robert Campbell, suka sauka a gidajen mutanen a matsayin baƙi, aka ciyar da su kusan mako biyu. Da asubahin 13 ga Fabrairu suka faɗa wa masu masaukinsu, suka kashe mutum talatin ko fiye, waɗanda suka tsira suka bazu cikin ƙanƙara. Cin amana ne ƙarara, ba mai wanke shi.

Abin da ke damuna shi ne abin da ya biyo baya. Umarnin daga gwamnati ya fito, sakataren sarki John Dalrymple ne ya ƙulla shi, kuma yawancin sojojin ma ba Campbell ne sunansu ba. Duk da haka sunan Campbell ne ya sha tabon. Shekara ɗari uku da ɗoriya ke nan, har yanzu akwai masu jifan mai wannan suna da maganar yaudara, mutumin da bai ci ba bai sha ba. Wannan zalunci ne, ɗana, ko da an yi shi da sunan kishin dangi.

Shi kake shirin yi wa yaron nan. Kakansa ya rasu tun kafin a haife shi. Allah Ya ce rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani rai. Ɗan Annabi Nuhu a gidan annabci ya tashi, ruwa ya ci shi. Ikrima kuwa ɗan Abu Jahal ne, ya zama sahabi. Sau nawa muka ga albasa ba ta yi halin ruwa ba, ta kowane ɓangare?

Ni ma ban ce a rufe ido ba, 'yata ce. Kawunka ya je unguwarsu, ya tambayi limaminsu da waɗanda suke kasuwa tare. Sun ce yana riƙe sallah, yana biyan bashi, kuma shi ke ɗauke da mahaifiyarsa da ƙannensa tun rasuwar ubansu. A kan wannan zan yanke hukunci. Idan ka san wani aibi nasa, nasa shi kansa, ka faɗa mini, wallahi zan saurare ka. Amma maganar kakansa kada ta sake fitowa daga bakinka, musamman a gaban ƙanwarka, don ta yi kuka da ta ji.

Ka kira ta a waya ranar Juma'a, ka lallashe ta. Manyansa za su zo gaisuwa bayan Sallah, ina so kafin nan na ji daga gare ka.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.